Daga Gidan Dambe Zuwa Kejin MMA: Wasa Nawa Zan Yi Kafin In Shiga Sahun Ƙwararru?

"Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 21, ina zaune a Kano. Na yi shekara uku ina dambe, kuma tun ina yaro nake taɓa kokawa a garinmu. Wata biyar ke nan da na fara koyon MMA, wato faɗan keji da ke haɗa naushi da harbi da ƙafa da kokawa, a wani ɗakin horo. Yanzu wani mai shirya wasa ya ce zai saka ni a wasan ƙwararru, har da kuɗi a hannu. Kocina kuma ya ce in dakata, in fara da wasan 'yan dagaji. Wasa nawa ya kamata in yi kafin in koma ƙwararre, kuma me zan sa a gaba a wannan lokacin? Ji nake kamar lokaci na wuce ni."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abu biyu: ko ka karɓi tayin nan yanzu, da kuma yadda za ka tafiyar da shekarun dagaji idan ka ƙi shi. Na farkon amsarsa gajera ce. Kocinka yana da gaskiya, wata biyar bai kai a shiga keji da dokar ƙwararru ba, ko da hannunka na kisa a gidan dambe. Na biyun shi ne mai buƙatar bayani, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Bari in fara cire maka tsoron cewa lokaci ya wuce ka. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, yana da shekara 25 ya yi wasansa na farko na ƙwararru a 2012, bayan ya shafe shekaru yana kokawa a makarantun Amurka har ya ci kambun ƙasa na rukunin jami'o'insu a 2010. Duk da wannan tushe, a wasansa na biyu aka haye bayansa aka shaƙe shi ya yi saranda. Sai a 2019 ya ɗauki kambun UFC, babban kamfanin shirya wasan MMA na duniya. Francis Ngannou na Kamaru yana da shekara 27 ya fara a Faransa a 2013, shi ma wasansa na biyu aka cinye shi. Israel Adesanya, haifaffen Legas, bai shiga UFC ba sai 2018, bayan wasannin naushi da ƙafa sama da 70. Kai da kake da shekara 21, idan ka ba dagaji shekara biyu zuwa uku, za ka fito kana da 23 ko 24, ƙasa da shekarun da su Usman suka fara.

Abin da ya raba dagaji da ƙwarewa

Mutane da yawa suna ɗauka bambancin kuɗi ne kawai. Dokokin ma sun sha bamban. A wasan ƙwararru turmi uku ake yi, kowanne minti biyar, wasan kambu kuma turmi biyar. Safar hannun ƙarama ce, nauyinta bai wuce giram 115 zuwa 170 ba, an halatta duka da gwiwar hannu, an halatta kai wa mutum gwiwa a ka idan yana tsaye, an halatta murɗa dunduniya, wanda ke tsinka jijiyoyin gwiwa kafin ma mutum ya ji zafin da zai sa ya buga hannu. A dokar IMMAF, wato hukumar duniya ta wasan 'yan dagaji da aka kafa a 2012, turmi uku ne na minti uku-uku da hutun minti ɗaya, safar hannun ta fi kauri, ana sa kariyar ƙwauri, kuma duk waɗancan abubuwa uku da na lissafa haramun ne. Ke nan za ka koyi abin da keji ke koyarwa, amma ba tare da yankan gwiwar hannu a saman gira ba, wanda kan kai mutum ga ɗinki da zaman makonni babu horo.

Bambanci na biyu ya fi wannan nauyi. Tarihin wasannin ƙwararre yana bin sa har ƙarshen sana'arsa. Shafuka irin su Tapology da Sherdog suna ajiye kowane sakamako, kuma su ne abin da mai haɗa wasa a kamfanoni irin su EFC ta Afirka ta Kudu, ko Brave CF ta Bahrain, ko PFL Africa yake fara buɗewa kafin ya kalli bidiyonka. Wanda ya fara da nasara ɗaya da faɗuwa uku zai sha wahala kafin a sake kallonsa a matsayin mai tasowa, sai dai a riƙa kiransa ya zo a gina sunan wani a kansa. Faɗuwar dagaji kuwa ana rubuta ta a wani gefe daban, ranar da ka koma ƙwararre lissafi ya koma sifili. Sannan ƙofar ba ta buɗuwa ta baya: da zarar ka yi wasa ɗaya na ƙwararru, gasar IMMAF ta haramta gare ka. Tun da kana karɓar kuɗi a dambe, ka bayyana wa hukumar MMA ta ƙasa wannan tun wurin rajista, su ba ka matsayarsu a rubuce, kada sai ka ci wasa wani ya kai ƙara.

Inda dambe da kokawa ke ƙarewa, nan MMA ke farawa

Wannan shi ne abin da nake so ka fi riƙewa. A dambe, hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, a raba. A kokawar gargajiya, ko ta Sakkwato ko ta gasar takobi a Nijar, mutum ya kai ƙasa magana ta ƙare. Wasanninmu biyu duk a daidai ƙasa suke tsayawa. A MMA kuwa mutum zai iya shafe turmi guda cur a kwance, wani na zaune a ƙirjinsa yana dukansa, alƙalin wasa na tsaye yana kallo domin babu laifin da aka yi. Shekarunka uku na dambe ba su ba ka ko minti ɗaya na wannan yanayin ba.

Ka zo da kaya masu daraja, kada ka raina su. Ɗan dambe ya saba da taron jama'a da kalangu da ihu, ya san nisan da naushi ke isa, ya sha duka bai gudu ba. Waɗannan abubuwa ne da wasu ke shafe wasa biyar kafin su samu. Amma akwai ɗabi'un da dole a warware, kuma kowacce tana da farashinta a keji.

Dubi tsayuwarka. Ɗan dambe yana tsayawa a karkace, ƙafar gaba ta yi nisa, garkuwa, wato hannun karewa, a miƙe da yatsu a buɗe, mashi, wato hannun duka, a baya yana jiran lokaci. A keji wannan ƙafar ta gaba kyauta ce. Abokin karawa zai riƙa sarar ta da ƙwauri a sha-raɓa, bugu huɗu ko biyar masu kyau sun isa ta daina ɗaukar nauyinka, ko kuma ya sunkuya ya rungume ta ya ɗaga. Yatsun garkuwa da ke miƙe wajen idon mutum laifi ne a dokar MMA, ana iya cire maka maki a kai. Shi kuma mashin, ya saba da kara mai nauyi da ke riƙe wuyan hannu, yana zuwa ne a zagaye. Ka kai irin wannan naushin da ƙaramar safa, ya sauka a goshi ko bayan kunne ta gefen babban yatsa, ƙashin bayan hannu ne zai karye, kuma karayar nan kan ci wata biyu ko fiye. Sai ka koyi naushi miƙaƙƙe da ke sauka a kan gaɓoɓi biyu na farko, ka kuma mayar da hannun garkuwa makami. Ka ba shi wata shida yana aikin naushin gaba, sau ɗari biyu zuwa uku a kan buhu kowace rana, har ya daina jin kansa baƙo.

Akwai kuma ɗabi'ar tsayawa bayan kisa. Muna ganinta sosai a ɗakin horo: ɗan dambe ya kayar da mutum da naushi, sai ya ja baya ya ɗaga hannu, wancan ya samu daƙiƙa biyar ya farfaɗo. Wasa ba ya ƙarewa sai alƙali ya shiga tsakani. Ta ɓangaren kokawa kuma, wanda aka kayar yakan dafa ƙasa da hannu biyu ya juya baya zai miƙe. A nan ake shaƙe mafi yawan sababbi: an haye baya, ƙafafu sun maƙale a cinyoyi, hannu ya zagaye wuya, cikin daƙiƙa goma mutum ya suma idan bai buga hannu ba. Haka ma sunkuyar da kai wajen kamun ƙafa ba tare da miƙe wuya ba, kanka ne kake sakawa a hammatar mutum da kanka.

Saboda haka rabon horonka bai kamata ya zama daidai-wa-daida ba. Idan kana iya zama takwas zuwa tara a mako, ka ba faɗan ƙasa uku, wato jiyu-jitsu ba tare da riga ba, kokawa da aikin jikin keji biyu, naushi da ƙafa biyu, gwajin faɗa na haɗe ɗaya, ɗaga ƙarfe da gudu kuma a cusa su sau biyu a ranakun da aiki bai yi nauyi ba. Rana ɗaya hutu ce cikakkiya. A faɗan ƙasa kada ka fara da kwaɗayin koyon murɗe-murɗe masu ban sha'awa da ake gani a YouTube. Shekarar farko ta tsira ce: yadda za ka zame daga ƙarƙashin wanda ya hau ƙirjinka, yadda za ka kare wuya da hannu biyu idan an hau bayanka, yadda za ka jingina da keji ka miƙe ba tare da ka ba da baya ba. Idan ɗakin horonku babu keji, a manna katifa a bango a yi aikin a nan. Rabin kokawar MMA a jikin waya ake yin ta, kuma ta bambanta ƙwarai da ta tsakiyar fili.

To, wasa nawa?

Babu adadin da doka ta yanka a duniya baki ɗaya. Muhammad Mokaev, haifaffen Dagestan da ya tashi a Ingila, ya yi wasan dagaji sama da 20 ba a ci shi ba, ya ɗauki zinaren matasa na IMMAF a 2018 da 2019, ya koma ƙwararre a 2020, zuwa 2022 yana UFC. Wasu kuma sun tsallake da wasa biyu ko uku, amma idan ka duba za ka tarar sun shekara goma ko fiye suna gasar kokawa ko sambo (salon kokawar Rasha) ko judo. Ga mai irin tushenka, shawarata wasa shida zuwa goma cikin shekara biyu zuwa uku, na farkon kuma kada ya zo kafin ka cika shekara guda kana horon ƙasa. Kafin nan ka shiga duk gasar jiyu-jitsu ko kokawar zamani ko judo da ka samu. Ba a dukan kai a cikinsu, don haka za ka iya yin su akai-akai, kuma suna koya maka kokawa da wanda bai san ka ba, ba ya kuma tausayinka.

Adadin ma ba shi ne ma'auni ba. Wasa takwas da ka gama duka a minti na farko da mashi ba su gaya maka komai ba, sai abin da ka riga ka sani. Kai da kocinka ku zaɓi abokan karawa da gangan. Biyun farko su kasance sa'o'inka a gogewa. Daga nan ku nemi ɗan kokawar da zai kai ka ƙasa, ku nemi bahago, ku nemi dogo mai harbi da ƙafa, ku nemi wanda ba ya gajiya. Kafin ka bar dagaji ya kamata a ce ka taɓa kai wa ƙarshen turmi uku aƙalla sau biyu, ka taɓa faɗuwa turmin farko ka dawo ka ci wasa, an taɓa kayar da kai ka miƙe da dabara, ka kuma taɓa yin wasa a garin da ba kowa naka a cikin 'yan kallo. Idan an cinye ka sau ɗaya ko biyu a hanya, wurin da ya dace a cinye ka ke nan. Tsakanin wasa da wasa a bar wata biyu zuwa uku, shiri na musamman mako shida zuwa takwas, sauran lokacin kuma na gyara abin da bidiyon wasan baya ya nuna. Ka sa a ɗauki kowane wasa daga farko har ƙarshe, waya a tsaye wuri guda, ka ajiye sunan taron da rana da nauyi da sakamako. Wasan da ba a rubuta ba, ba a ɗauka ba, wurin masu haɗa wasa kamar ba a yi shi ba ne.

Gasar IMMAF irin ta Afirka ko ta duniya tana da wata fa'ida ta daban: ana yin ta ne da tsarin sili-ɗaya-ƙwale, mutum zai iya yin wasa uku ko huɗu cikin mako guda, da 'yan ƙasashe daban-daban. Ta hannun hukumar ƙasa ake zuwa, shi ya sa yin rajista da halartar gasannin cikin gida ke da muhimmanci.

Kai da nauyi

Ƙwaƙwalwa ba ta san dagaji ko ƙwarewa ba, ba ta kuma san keji ko gidan dambe ba. Duk dukan da ka sha cikin shekara ukun nan yana cikin lissafi. Lahanin kai da yawa a ɗakin horo ake tara shi, wurin gwajin faɗan da ya koma gasar nuna jarumta. Gwaji mai ƙarfi sau ɗaya a mako ya isa, da manyan safofi da robar baki, a kuma daina shi kwana goma kafin wasa. Sauran gwaji a yi shi da rabin ƙarfi. Idan aka buge ka har ka suma ko ka rikice, hukumomin wasa kan dakatar da mutum kwana 30 zuwa 60, wani lokaci fiye, kuma wannan ya haɗa da dambe. Kada ka ce an hana ka keji sai ka je ka ɗaura kara ranar Lahadi. Ciwon kai da ya ƙi tafiya, amai, jiri, ganin abu biyu-biyu, ko mantuwa bayan duka, asibiti ake zuwa a ranar. A gaskiya ma, idan MMA ka zaɓa, lokaci ya yi da za ka rage dambe ƙwarai ko ka ajiye shi, duk da na san a nan kuɗin cefane ke fitowa, kuma ba ƙaramin abu nake nema a wurinka ba.

Kafin kowane wasa na kirki ana gwajin jini na ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, domin jini na haɗuwa a keji. Ka yi allurar rigakafin nau'in B tun yanzu, allura uku ce cikin wata shida. Ka sa likita ya duba idonka da hawan jininka. Makero da maruru kuma suna yawo a kan katifar da ba a wankewa, a goge ta kullum, ka yi wanka da zarar an tashi, mai ƙurji kuma ya zauna a gida.

Rukunin nauyi na maza sun haɗa da kilo 56.7, 61.2, 65.8, 70.3, 77.1, 83.9, 93 da 120.2. Ƙwararru ana auna su kwana guda kafin wasa, shi ya sa suke matse ruwan jikinsu su sauke kilo da yawa. A gasar IMMAF kuwa a ranar wasa ake awo, kuma kowace ranar da za ka yi wasa sai ka hau sikeli. Wanda ya busar da jikinsa da safe ya shiga keji da rana, ƙarfinsa ya tafi, kuma ya fi saurin suma. Matse ruwa yana kisa: a 2015 wani ɗan wasan China mai shekara 21, Yang Jian Bing, ya rasu wurin rage nauyi kafin wasan kamfanin ONE Championship na Asiya. A zafin Kano na watan Afrilu haɗarin ya ninka. Idan nauyinka na yau da kullum kilo 73 ne ko 74, rukunin 70.3 naka ne, ka sauka da abinci a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako: rage tuwo da shinkafar dare, bar lemon kwalba da soye-soye, riƙe ƙwai, wake, kifi da nono. Kada ka sha maganin sa fitsari ko na gudawa, kada ka sa leda ka yi gudu a rana. A watan azumi kuma kada ka karɓi wasa, ka mayar da horo mai nauyi bayan tarawihi, na rana ya zama na dabara kawai.

Shi wannan tayin da aka yi maka

Ka tambayi kanka dalilin da zai sa a biya mai wata biyar kuɗi. Sau da yawa mai shirya wasa yana da nasa yaron da yake ginawa, yana neman wanda zai yi kyau a fosta, "zakaran dambe daga Arewa", amma wanda aka san bai iya faɗan ƙasa ba. Ban ga mutumin nan ba, ban kuma san niyyarsa ba, amma tambayoyi kaɗan za su bayyana ta: wane ne abokin karawar kuma wasa nawa ya yi, akwai likita da motar asibiti a wurin, ana gwajin jinin kowa, wa zai biya magani idan ka ji rauni, nawa ne kuɗin fitowa nawa ne na nasara, kuma takardar ta ɗaure ka wasa nawa ko shekara nawa. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Ka kuma sani kuɗin wasannin farko na ƙwararru ba ya riƙe gida a ko'ina, bayan an cire kason koci da na manaja da kuɗin mota da gwaje-gwaje, abin da ke saura kaɗan ne. Kada ka saki sana'arka ko karatunka.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, domin ban ga yadda kake motsi a katifa ba. Wanda zai yanke hukuncin ka isa shi ne kocin da ke ganinka kullum, lafiyar kanka kuma likita. Gwajin da za ku iya yi a ɗakinku shi ne turmi uku na minti biyar-biyar, kowane turmi da sabon mutum mai hutu, ɗaya daga cikinsu ya fi ka faɗan ƙasa, a kuma fara turmi na uku kana kwance yana kanka. Ranar da kake miƙewa daga nan akai-akai, numfashinka bai ƙare ba, ku fara maganar kwantiragi. Shi kuma mai tayin, ka gode masa, ka gaya masa kana son fitowa a taronsa a wasannin share fage na 'yan dagaji, da dokar minti uku da kariyar ƙwauri, idan ka cika shekara a horo, ka kuma karɓi lambarsa.